Tsofaffin faya-fayan wasannin bidiyo marasa gida: yaya ake adana su?

Mai Tara Tsofaffin Wasanni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar faya-fayan wasannin bidiyo. Ina da faifai sama da ɗari waɗanda na tara a hankali, wasu daga hannun masu sayar da kayan kwatano, wasu kuma daga wani gidan gem da aka rufe a unguwarmu. Mafi yawansu na PlayStation na farko ne da PlayStation 2, sai 'yan ƙanana na GameCube da kaɗan na Dreamcast. Damuwata ita ce kusan dukkansu ba su da gida, ba su da takardar bango, ballantana littafin bayani. Wasu suna cikin leda, wasu an ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, sauran kuma an jera su a kan sandar nan da ake sayar da faifan da ba a yi wa rubutu ba.

Abin da na yi niyya shi ne in sayi babbar jakar faifai mai zif, irin wadda take ɗaukar ɗari biyu ko fiye, in zuba su duka a ciki, domin ita ce mafi araha kuma ba ta cin wuri. Sai dai wani ya gaya mini cewa irin wannan jaka tana lalata faifai idan ya daɗe a ciki, amma bai yi mini bayanin dalili ba. Shin gaskiya ne? Idan kuwa dole sai na nema wa kowane faifai gidansa, ko wane irin gida zai yi, ko kuwa sai na asalin na'urar? Ina zaune a Kano ne, saboda haka ina so a duba mini batun ƙurar hunturu, zafin bazara da laimar damina. Ba don sayarwa nake tara su ba, burina su ci gaba da aiki nan da shekaru masu yawa. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Gyaran Bidiyo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera faifan. Kafin ka sayi komai, ka fara raba su gida biyu, wato masu ginin CD da masu ginin DVD, domin rauninsu ba a wuri ɗaya yake ba.

Faifan CD yana da faɗin santimita 12 da kaurin milimita 1.2, kuma kusan duk wannan kauri roba ce mai haske wadda hasken leza yake ratsawa daga ƙasa. Bayanan wasan suna can sama ne, a ƙarƙashin wani siririn shafen alminiyom, sannan aka rufe shi da wani man kariya da bai kai kaurin gashin kai ba, aka buga hoto da sunan wasan a kansa. Kamar madubi ne: idan gilashin gaba ya ɗan kwarzane za ka iya ganin fuskarka, amma idan aka kankare shafen bayansa, wurin ya mutu ke nan. Yawancin mutane fuskar da ke sheƙi suke lallaɓawa, su kifa faifan a kan tebur ta fuskar hoto, alhali kwarzanen ƙasa yana goguwa, na sama kuwa ba shi da magani domin bayanan ne da kansu suka tafi. Duk faya-fayan PlayStation na farko, masu baƙin ƙasan nan, ginin CD ne. Na Dreamcast ma haka suke, duk da cewa tsarinsu na GD-ROM ya fi CD ɗaukar bayanai. A PlayStation 2 kuwa sai ka juya faifan ka duba: mai shuɗin ƙasa CD ne, mai ruwan azurfa DVD ne.

Shi DVD faranti biyu ne masu kaurin milimita 0.6 kowanne, aka manne su da gam, bayanan suna tsakiya. Wannan ya sa fuskar hotonsa ta fi jure wahala, amma ba ya son lanƙwasa. Idan ana yawan tanƙwara shi wajen ciro shi, gam ɗin yakan fara saki daga ramin tsakiya, iska da laima su sami hanyar shiga. Ƙananan faya-fayan GameCube masu santimita 8 suna cikin wannan rukuni.

Yanzu ka dubi abin da jaka mai zif take yi. Duk lokacin da ka zura faifai ko ka zaro shi, fuskokinsa biyu suna gogar aljihun, kuma duk ƙwayar ƙurar da ta shiga aljihun nan ta zauna ke nan, za ta riƙa karce shi a kowace shiga da fita. Idan jakar ta cika aka ja zif, faya-fayan suna danne juna. Abin da ya fi muni shi ne ledar gaban aljihun, wadda a jakunkuna masu araha sau da yawa robar PVC ce mai laushi. A cikin zafi irin namu tana fitar da maiƙo ta manne da fentin faifan, ranar da ka zo zarowa sai ta biyo da fentin, idan kuwa CD ne tana iya biyowa da shafen alminiyom ɗin gaba ɗaya. Na sha ganin faifan da aka kawo mini ana zargin idon na'ura, da na ɗaga shi sama sai in ga haske yana ratsa wuraren da suka ɓare.

Amfanin gida na gaskiya shi ne yana riƙe faifan ta ramin tsakiya kawai, ya bar shi a rataye, babu abin da yake taɓa sama ko ƙasa. Duk gidan da ya cika wannan sharaɗi ya wadatar, ba sai na asalin kamfanin ba. Gidan asali yana da muhimmanci ne ga mai son sayarwa ko mai son kantarsa ta yi kama da ta shago, faifan kansa bai san bambanci ba. Ni dai na fi son gidan DVD mai laushin roba a kan gidan CD mai kama da gilashi, domin na biyun yana saurin tsagewa, haƙoran cibiyarsa sukan karye su riƙa yawo a ciki suna karce faifan. Ka zaɓi mai cibiyar da ake dannawa ta saki faifan da kanta, ka gwada da faifan da ba ka damu da shi ba tun a shago. Idan sai ka ja da ƙarfi kafin ya fito, ka bar shi. Haka kuma ka shinshina cikinsa, wanda yake warin ƙonanniyar roba ko yake da maiƙo a hannu kada ka saya, domin irinsu sukan bar hazo a fuskar faifai. Game da na GameCube kada ka damu, ramin tsakiyarsu milimita 15 ne kamar na kowane faifai, saboda haka suna zama daram a gidan DVD na yau da kullum. Robar ɗaure kuɗin nan kuwa ka cire ta yau, domin tana narkewa ta manne.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa game da jaka mai zif ba. Inda nake da ja shi ne batun nema wa kowane faifai gida, domin akwai lissafin wuri da na aljihu. Gidan DVD na yau da kullum kaurinsa milimita 14 ne, ke nan faifai ɗari za su cinye maka kusan mita ɗaya da rabi na kanta. Siririn gidan DVD mai milimita 7 zai rage wannan zuwa santimita 70, siririn gidan CD kuma zuwa kimanin rabin mita. Sirirai suna riƙe faifai ta tsakiya kamar manyan, don haka mai ƙaramin ɗaki ba shi da dalilin sayen masu kauri.

Bayan haka, ɗan'uwa, ka tabbatar tukuna mene ne a hannunka. Duk wanda ya san gidajen gem na ƙasar nan a shekarun PlayStation 2 ya san cewa yawancin faya-fayan da ake buga ƙwallo da su kwafi ne, ba na asali ba. Faifan PlayStation na farko na asali baƙin ƙasa gare shi, idan ka ga mai ruwan azurfa ko kore to kwafi ne. Wanda aka ƙona a kwamfuta a kan DVD-R za ka ga ƙasansa ruwan shanshanbale, kuma sau da yawa ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Waɗannan rini ne yake riƙe da bayanansu, rinin kuma yana dusashewa da zafi da hasken rana komai kyawun gidan da ka sa su. A ganina asarar kuɗi ce ka saya musu gida mai tsada.

Abin da nake yi shi ne na asali masu aiki su sami gida, masu ginin CD su fara samu kafin na DVD kamar yadda bayanin Malam ya nuna. Kwafi da waɗanda suka riga suka sha wahala kuma su shiga ambulan, kowanne shi kaɗai, a jera su a tsaye cikin kwali mai murfi ba tare da an matse su ba. Ambulan ɗin Tyvek, wata irin roba mai kama da takarda, ya fi kyau idan an samu domin ba ya zubar da burbushi, sai na robar da ake kira PP, wadda alamarta lamba 5 ce a cikin kusurwa uku. Lamba 3 ita ce PVC. Ambulan ya fi jaka mai zif da abu biyu: babu nauyin wasu faya-fayai a kansa, kuma idan ya yi ƙura sai ka yar ka sa sabo. Wata dabara kuma, masu sayar da tsofaffin fina-finai na DVD 'yan kwatano sukan sayar da su da arahar da ta kai a saya don gidan kawai, kuma waɗannan gidaje sun fi sababbin da ake kawowa yanzu nauyi da ƙwari. A wanke su da ruwa da sabulu, a bar su su bushe sarai kafin a sa komai a ciki.

Ma'aikaciyar Laburare

Assalamu alaikum. Zan tsaya ne a kan tambayar yanayi, domin ita ce ta shafi aikina. A shekarar 2003 hukumar kula da ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da jagora ga ma'aikatan laburare kan adana CD da DVD, inda ta ba da shawarar a ajiye su a tsaye kamar littattafai, a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 4 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, laimar iska kuma tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Duk wanda ya san watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san cewa wannan ma'auni ba na gidajenmu ba ne. To amma kada hakan ya karya maka gwiwa, domin ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi cutar da faifai shi ne hawa da saukar zafi da laima a kai a kai, kuma wannan kana da iko a kansa.

Saboda haka ba na ba da shawarar ɗakin da ake kunna masa na'urar sanyaya ɗaki idan an kawo wuta, ya koma tanda idan an ɗauke. Faifan da ya yi sanyi sannan iska mai ɗumi ta same shi yakan yi raɓa, musamman da damina. Ɗakin ciki wanda zafinsa ba ya yawan canzawa ya fi, nesa da taga, nesa da bangon da ranar yamma take duka. Kada a ɗora su saman durowa a ɗaki mai rufin kwano, domin can zafi yake taruwa, kada kuma a ajiye su a ƙasa inda laima take tasowa ko ruwa zai iya shigowa. Tsakiyar kabad mai ƙofa ta wadatar. Mota kuwa ko na awa ɗaya kada a bar faifai a cikinta da rana, domin yana iya lanƙwashewa, kuma lanƙwasasshen faifai ba ya miƙewa.

Ƙurar hunturu maganinta rufi biyu ne, gidan faifan sannan akwatin roba mai murfi. Sai dai akwatin da ba ya shan iska yana kulle duk laimar da ka rufe shi da ita, don haka a rufe shi a rana mai bushewa, a jefa 'yan ƙunshin nan na ƙwayoyin silika da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Suna ƙoshi da ruwa, saboda haka a canza su ko a busar da su kafin kowace damina, in ba haka ba fumfuna tana iya kama takardu har ta haura kan faifan.

Ina kuma so in ɗan ja hankalin ɗan'uwana na Sabon Gari kan ambulan, idan na takarda ne na yau da kullum. Takarda tana shan laima ta riƙe ta a jikin faifan, kuma ba kowace takarda ce mai tsabta daga sinadarai ba. An taɓa samun faya-fayan waƙa da wata masana'anta a garin Blackburn na Ingila ta buga daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990, waɗanda suka riƙa rikiɗewa zuwa ruwan tagulla suna daina aiki, kuma an danganta hakan da man kariyarsu da ya kasa jure sinadarin da ke fitowa daga takardun da aka haɗa su da su. Ambulan ɗin takarda na ɗan lokaci ne kafin a sami gida. Jarida, tishu da takardar littafin makaranta kuwa sam kada a naɗe faifai da su.

Mai Tara Tsofaffin Wasanni

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, na gode ɗan'uwa. Na fasa sayen jakar, kuma na raba su kamar yadda aka ce, na tarar na asali sun ɗan haura rabi. Saura tambayoyi uku. Da yawa daga cikinsu suna da datti da shatin yatsu, wasu kuma akwai sitikar shagunan haya na ƙasashen waje a fuskar hoto, wasu an rubuta suna a kansu da alƙalamin maka. Shin in wanke su in ɓare sitikun kafin in sa su a sabon gida? Na biyu, ana cewa man goge baki yana gyara kwarzane, ko akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Na uku, tunda babu takardar bango, yaya zan riƙa gane wasan da nake nema ba tare da na buɗe kowane gida ba?

Tsohon Mai Gyaran Bidiyo

Wankewa wajibi ce, domin sa faifai mai ƙura a sabon gida kai ƙurar ne ciki. Ka fara da zuba masa ruwa mai tsabta ya kwashe yashin kafin wani ƙyalle ya taɓa shi, idan akwai maiƙo ka sa ɗigon sabulun ruwa na wanke kwanuka ka ɗauraye. Daga nan ka goge da ƙyallen goge tabarau ko na auduga mai laushi, kana ja daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba kana zagayawa ba. Dalili shi ne bayanan suna jere ne a layi guda da yake kewayawa daga tsakiya zuwa waje. Kwarzanen da ya gitta layin kaɗan yake ci a kowane zagaye, kuma tsarin gyaran kuskure na CD yana iya cike giɓin da ya kai kimanin milimita 2.5, amma wanda ya bi layin a zagaye yakan shafe dogon zango har na'ura ta rasa inda take. Ka riƙe faifan ta gefe da ramin tsakiya, ka jingina shi a inuwa ya bushe sosai. Fetur, kananzir da ruwan goge farce suna cin robar, kada su kusance shi.

Sitika a kan faifai mai ginin CD ka ƙyale ta inda take. Muninta ya fi maka sauƙi a kan ta taho da shafen da ke ƙasanta. A kan DVD ana iya ɗaga ta a hankali saboda akwai rabin kaurin faifan tsakaninta da bayanan, amma ko a nan idan ta yi gardama a bar ta. Rubutun maka da ya riga ya bushe shekara da shekaru shi ma a bar shi, kai dai kada ka ƙara wani. Idan dole sai ka yi alama a jikin faifai, ka yi ta a farin zoben tsakiya inda babu bayanai, kuma ban da biro.

Man goge baki yana da ɗan kaushi, don haka yakan lafar da bakin ƙaramin kwarzane har faifan ya karanta, sai dai yana barin ƙananan karce masu yawa a madadinsa, kuma a kan baƙin faifan PlayStation tabon yana fitowa fili. Ba zan yi shi a kan faifan da nake ji da shi ba. Injin goge faifai na gaskiya yana rage wa robar kauri ne daidai wa daida, shi ma ba a maimaita shi da yawa. Ƙa'idata ita ce faifan da yake aiki ba a goge shi komai munin fuskarsa, kuma kafin ka yanke cewa faifai ya mutu ka gwada shi a wata na'urar, domin idon na'urar da ta shekara ashirin shi ma ya raunana.

Batun ganewa kuwa mai sauƙi ne. Gidan DVD yana da leda a bayansa, sai ka yanka farar takarda ka rubuta sunan wasan a gefen da zai fuskance ka a kanta. Ka haɗa da lambar da aka buga a fuskar faifan, wadda a PlayStation take farawa da SLUS ko SCUS idan na Amurka ne, SLES ko SCES idan na Turai ne, SLPS ko SCPS idan na Japan ne. Wannan lamba za ta gaya maka na'urar wane yanki ce zai yi aiki a kanta, za ta taimake ka wajen haɗa wasannin da suke da faifai biyu zuwa huɗu kada ka gauraya na ƙasashe daban-daban, kuma da ita za ka nemi hoton bangon asali idan kana son bugawa.

Yayin da kake wannan aiki ka duba ramin tsakiyar kowane faifai da kyau. Wanda ka ga ya fara tsagewa ka ware shi, ka sa shi a gida mai sassauƙar cibiya, kuma idan za ka kwafi abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta don ajiya, ka rage gudun na'urar karantawar zuwa mafi ƙanƙanta. PlayStation na farko ninki 2 na gudun faifan waƙa kawai yake juya faifai, na'urar kwamfuta kuwa tana iya kaiwa ninki 48 ko 52, kuma a irin wannan gudu tsagaggen faifai yana iya tarwatsewa a cikinta.